Waliyyi Toma Akwinas, Malamin da Ya Tsara Ilimin Tauhidi

Ran 28 ga watan Janairu na kowace shekara Ikkilisiya Katolika takan yi idin tunawa da Waliyyi Toma Akwinas, firist na ƙungiyar Dominikan, Malamin Ikkilisiya. Da yawa daga cikinmu mun sha durƙusawa a gaban Sakramenti Mai Tsarki muna rera Tantum Ergo ba tare da mun san cewa daga alƙalaminsa waƙar ta fito ba. Haka kuma da wuya a sami firist ɗin da ya gama karatunsa bai yi gumi a kan littattafan wannan bawan Allah ba.

Akwai wata tambaya da masu bi sukan yi, musamman matasanmu da suke manyan makarantu. Idan bangaskiya ɗaya ce, baftisma ɗaya, me ya sa ake jin malaman Ikkilisiya suna saɓa wa juna, har ana kiran waɗansu mabiyan Agustin, waɗansu mabiyan Toma, waɗansu kuma mabiyan Skotus? Wannan tambaya ta raunana zuciyar mutane da dama, har wasu suka ɗauka cewa kowa da tasa gaskiyar. Tarihin Toma yana taimakonmu mu ba ta amsa.

Haihuwarsa da kiransa

An haifi Toma wajen shekara ta 1225 a gidan sarauta na Rokaseka, kusa da garin Akwino, tsakanin Roma da Nafoli a ƙasar Italiya. Sunan mahaifinsa Landulf, mahaifiyarsa kuma Tiyodora. Yana da kamar shekara biyar aka kai shi wurin 'yan zuhudun Waliyyi Benedikt a Monte Kasino, iyayensa suna sa rai wata rana zai shugabanci wannan babban gida, abin da zai ƙara wa danginsu daraja da dukiya. A 1239 rikici ya tsananta tsakanin Sarki Firedirik na Biyu da Paparoma Giregori na Tara, sai aka ɗauke yaron daga can aka tura shi jami'ar Nafoli.

A Nafoli ya gamu da abubuwa biyu da suka juya rayuwarsa. Na farko shi ne littattafan Aristotal, masanin falsafa na Girka, wanda ya rasu shekara 322 kafin haihuwar Almasihu. Na biyu kuwa shi ne 'yan'uwa masu wa'azi, ƙungiyar da Waliyyi Dominik ya kafa, wadda Paparoma ya amince da ita a 1216. Waɗannan ba su da gona, ba su da taska. Aikinsu karatu da wa'azi, abincinsu kuwa na bara ne. A 1244 Toma ya sa rigarsu.

Gidansu ya ɗauki wannan abin kunya ne, ɗan sarauta ya ɗauki ƙoƙon bara. 'Yan'uwansa, waɗanda sojojin sarki ne, suka tare shi a hanya, suka kama shi, aka tsare shi a gida kusan shekara guda. An yi lallashi, an yi barazana. Masu rubuta tarihinsa na farko sun ce har mace aka shigar masa ɗaki don ta ɓata shi, ya zaro itace mai ci daga murhu ya kore ta. Ya yi amfani da kwanakin tsaron wajen karanta Littafi Mai Tsarki da koyar da 'yan'uwansa mata. Da dai aka ga ba zai juya ba, aka sake shi a 1245.

Shugabanninsa suka tura shi Faris, daga nan a 1248 ya bi malaminsa Waliyyi Albat Babba zuwa Kolon a Jamus. Toma ƙato ne, ga shi ba ya son magana, saboda haka abokan karatunsa suka laƙaba masa suna beben sa. Albat da ya duba wata takarda da ɗalibin ya rubuta, ya gaya musu cewa wata rana kukan wannan sa zai cika duniya.

Mazhabobin da ya tarar

Domin mu gane aikin Toma, sai mun dubi abin da ya gada. Tauhidi shi ne ƙoƙarin hankalin mai bi ya fahimci abin da Allah ya bayyana. Mazhaba kuwa, a nan, ita ce hanyar da wasu malamai suka bi wajen bayyana bangaskiya ɗaya ɗin nan, almajiransu suka gaje ta. Ana iya rarraba mazhabobin nan ta fuska uku.

Fuska ta farko ita ce yadda suke karanta Littafi Mai Tsarki. Tun ƙarni na uku malaman Iskandariya ta Masar, irin su Kilemen da Orijen, daga baya kuma Atanasiyus da Siril, sun fi neman ma'anar ruhaniya da take ƙarƙashin kalmomi, suna kuma nanata Allahntakar Almasihu. Malaman Antakiya ta Suriya, irin su Yohanna Kirisostom, sun fi riƙe ma'anar zahiri da tarihi, suna nanata cewa Almasihu cikakken mutum ne. Sa'ad da wasu daga kowane ɓangare suka wuce gona da iri, majalisar Afisa a 431 da ta Kalsidon a 451 suka shata iyaka: Almasihu ɗaya ne, cikakken Allah, cikakken mutum. 

Fuska ta biyu ita ce wurin da ake karatun. A gidajen zuhudu ana yin tauhidi ne cikin addu'a da tunani a kan Nassi, kamar yadda Waliyyi Barnad na Kilebo ya yi. A makarantun birane kuwa, waɗanda suka zama jami'o'i, ana yinsa da tambaya da muhawara. Bitrus Abelad ya jera tambayoyi 158 inda maganganun Ubannin Ikkilisiya suke kamar suna karo da juna, ya bar wa ɗalibai aikin sasantawa. Barnad ya ga wannan hanya tana da hatsari, ya yi gāba da ita ƙwarai. Bayan su Bitrus Lombad, wanda ya zama bishop na Faris ya rasu a 1160, ya tattara maganganun Ubanni ya kasa su littattafai huɗu: Allah Uku Cikin Ɗaya, halitta da faɗuwar mutum, zuwan Almasihu cikin jiki, sa'an nan sakramenti da al'amuran ƙarshe. Duk mai son zama malamin tauhidi a zamanin Toma dole ne ya yi sharhin wannan littafi.

Fuska ta uku ita ce falsafar da malami ya jingina a kanta. Ikkilisiyar Yamma ta yi shekara ɗari takwas tana tafiya da hasken Waliyyi Agustin, ɗan Afirka, bishop na Hippo a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a 430. Agustin ya sha daga rijiyar Aflatun. Kwatsam sai ga littattafan Aristotal sun shigo Turai, wasu daga Girkanci, wasu daga Larabci, tare da sharhin malaman Musulunci irin su Ibnu Sina da Ibnu Rushdi na Kurɗuba. Ga cikakken bayani a kan duniya, da rai, da halin kirki, daga mutumin da bai taɓa jin Bishara ba. A 1210 da 1215 aka hana koyar da littattafansa na kimiyyar halitta a Faris. Amma hani bai hana ɗalibai karantawa ba, kuma da yawa suka fara ganin kamar hankali yana gabas, bangaskiya tana yamma.

Matsayin Toma

Toma ya koma Faris a 1252, ya yi sharhin littafin Lombad, ya zama cikakken malami a 1256. Matsayinsa a fili yake. Allah da ya ba mutum hankali shi ne ya bayyana kansa cikin Almasihu, Allah kuwa ba ya ƙaryata kansa. Saboda haka gaskiyar da hankali ya gano ba za ta yi karo da gaskiyar da aka bayyana ba. In aka ga kamar sun yi karo, to ko dai an yi kuskure a lissafin hankali, ko kuwa an fahimci Nassi a karkace. Ya koyar cewa alheri ba ya rushe halittar mutum, kammala ta yake yi.

Ya kuma raba gaskiya gida biyu. Akwai wadda hankali zai iya kaiwa gare ta da kansa, kamar cewa akwai Allah, kuma shi ɗaya ne. Akwai wadda ta fi ƙarfin hankali, sai an bayyana ta, kamar asirin Allah Uku Cikin Ɗaya da zaman Kalma mutum. A kan wannan rabo ya gina littafinsa Summa contra Gentiles, wanda ya gama wajen 1265: kashi uku na farko a kan abin da hankali yake iya dubawa, na huɗu a kan abin da bangaskiya kaɗai take riƙewa. Ya lura cewa da Bayahude ana iya muhawara daga Tsohon Alkawari, amma da wanda bai yarda da Littafinmu ba sai a koma ga hankali, wanda kowa yake da shi. Ya karanta Ibnu Sina, da Ibnu Rushdi, da malamin Yahudawa Musa ɗan Maimun. Inda suka yi daidai ya karɓa ya ambaci sunansu, inda suka kauce ya ba da dalilinsa. Mu da muke zaune unguwa ɗaya da Musulmi, muna cin kasuwa ɗaya, muna da abin koyi a nan.

Tsakanin 1261 da 1265 yana Orbiyeto, kusa da fadar Paparoma Urban na Huɗu. A 1264 Paparoman ya kafa idin Jiki da Jinin Almasihu domin dukan Ikkilisiya, Toma ne kuwa ya shirya addu'o'i da waƙoƙin idin. An miƙa masa kujerar babban bishop na Nafoli, ya roƙa a bar shi a kan aikin koyarwa.

Babban littafinsa

A 1265 aka ba shi kula da makarantar ƙananan 'yan'uwa a Santa Sabina, cikin Roma. A nan ya ga wahalar masu fara karatu. Littattafan da ake da su sun cika da tambayoyi marasa amfani, ba su bin tsari, suna ta maimaita abu ɗaya har ɗalibi ya gaji ya rikice. Domin waɗannan masu farawa ya soma rubuta Summa Theologiae, wato Taƙaitaccen Tauhidi.

Tsarin littafin kamar tafiya ce da komowa: kome daga Allah ya fito, ga Allah kuma zai koma. Kashi na farko yana da tambayoyi 119, a kan Allah kansa, da Uku Cikin Ɗaya, da halitta, da mala'iku, da mutum. Kashi na biyu yana duba komawar mutum ga Allah ta wurin ayyukansa, an kuma raba shi biyu. Rabin farko, mai tambayoyi 114, ya fara da tambayar mene ne ainihin farin cikin ɗan Adam, ya bi ta kan nufi, da sha'awoyin zuciya, da halaye, da zunubi, da shari'a, ya ƙare da alheri. Rabi na biyu, mai tambayoyi 189, ya ɗauki kyawawan halaye bakwai ɗaya bayan ɗaya: bangaskiya, bege, ƙauna, sa'an nan hangen nesa, adalci, ƙarfin zuciya da kamewa, kowanne da zunubban da suke gāba da shi. Kashi na uku a kan Almasihu ne, wanda shi ne hanyar komawar, da sakramentin da ya bar mana. Jimillar tambayoyin 512 ne, an kasa su ƙananan batutuwa 2,669.

A lura da abin da ya yi a nan. Kafin shi, littattafan da firistoci suke amfani da su wajen jin iƙirari jerin zunubai ne da horonsu. Toma ya ɗauki koyarwar halin kirki ya sa ta a tsakiya, Allah Mahalicci a gabanta, Almasihu Mai Ceto a bayanta, ya kuma gina ta a kan kyawawan halaye. A yau a makarantun firistoci ana raba tauhidi fannoni, akwai na aƙida, da na halin kirki, da na Littafi Mai Tsarki, da na sujada, da na kiwon garke. Toma yana tuna mana cewa rassan nan duka na itace ɗaya ne.

Kowane ƙaramin batu yana bin matakai huɗu. Da fari sai ya kawo hujjojin masu ja da shi, ya faɗe su da ƙarfinsu, ba ya rage musu kome. Sa'an nan ya kawo aya ko maganar wani Uba da take wancan gefe. Bayan haka ya ba da tasa amsa. A ƙarshe ya koma kan hujjojin farko ya warware su bi da bi. Misali, da ya zo kan ko akwai Allah, ya fara da hujjoji biyu da har yau marasa bangaskiya suke kawowa: cewa mugunta ta yi yawa a duniya, da kuma cewa ana iya bayyana kome ta hanyar halitta da nufin mutum ba sai an ambaci Allah ba. Sai ya tuna da sunan da Allah ya bayyana wa Musa. Daga nan ya shimfiɗa hanyoyi biyar, daga motsi, da sanadi, da abin da zai iya kasancewa ko ya rasa kasancewa, da matakan kammala, da tsarin da yake cikin halitta. A kan mugunta kuwa ya bi Agustin, cewa Allah ba zai bar ta ba sai domin yana da ikon fitar da nagarta daga cikinta.

Gwagwarmaya ta ƙarshe

Wajen 1268 aka mai da shi Faris, inda wuta take ci ta gefe biyu. A gefe guda akwai malaman falsafa irin su Sija na Baraban, masu bin Ibnu Rushdi wajen cewa hankali ɗaya ne tak ga dukan 'yan Adam. In haka ne, babu wanda zai tsaya gaban shari'ar Allah da kansa. Toma ya rubuta musu raddi a 1270, ya nuna daga littafin Aristotal kansa cewa sun karkatar da shi. A ɗaya gefen akwai malaman da suke riƙe da hanyar Agustin, yawancinsu 'yan ƙungiyar Waliyyi Faransis, waɗanda suke ganin Toma ya ba Aristotal wuri fiye da kima. Babbansu shi ne Waliyyi Bonabentura, wanda ya fi ɗora nauyi a kan ƙauna da hasken da Allah yake haskaka zuciya da shi. A waɗannan shekaru Toma ya yi aiki kamar ba gobe, an ce yakan yi wa marubuta uku ko huɗu shifta a lokaci guda.

A 1272 ya koma Nafoli. Wannan malami da jami'o'i suke rububinsa yakan hau bagade ya yi wa talakawa wa'azi da harshen garinsu a kan Ƙa'idar Bangaskiya da Addu'ar Ubangiji. Ran 6 ga Disamba 1273, idin Waliyyi Nikolas, wani abu ya same shi yana cikin Misa. Daga ranar ya ajiye alƙalami, littafin ya tsaya a tambaya ta 90 ta kashi na uku, a tsakiyar bayanin sakramentin tuba. Abokin aikinsa Rejinal ya matsa masa ya ci gaba, sai ya amsa cewa ba zai iya ba, gama duk abin da ya rubuta ya zama masa kamar tattaka in aka gwada da abin da aka nuna masa.

Paparoma Giregori na Goma ya kira shi majalisar Liyon. A hanya ya yi karo da reshen itace, jikinsa ya yi rauni, aka kai shi gidan zuhudu na Fosanoba. Da aka kawo masa Jibi Mai Tsarki ya shaida bangaskiyarsa, ya kuma miƙa dukan rubuce-rubucensa ga hukuncin Ikkilisiyar Roma. Ya rasu ran 7 ga Maris 1274, bai cika shekara hamsin ba. Bonabentura ya bi shi a watan Yuli na wannan shekara, a Liyon.

Bayan rasuwarsa

Ran 7 ga Maris 1277 bishop na Faris ya haramta ra'ayoyi 219, wasunsu kuwa sun shafi koyarwar Toma. Amma Paparoma Yohanna na Ashirin da Biyu ya sa shi cikin waliyyai ran 18 ga Yuli 1323, a 1325 kuma aka janye hanin a duk inda ya taɓa shi. An kai ƙasusuwansa Tulus ta Faransa ran 28 ga Janairu 1369, shi ya sa muke idinsa a wannan rana. Paparoma Piyus na Biyar ya naɗa shi Malamin Ikkilisiya a 1567. A 1879 Paparoma Liyo na Sha Uku ya umarta a farfaɗo da koyarwarsa, a 1880 ya sa shi majiɓincin makarantun Katolika. Majalisar Batikan ta Biyu ma ta ambace shi a 1965 a matsayin jagora ga masu shirin zama firistoci. 'Yan ƙungiyarsa ne aka danƙa wa aikin bishara a yankin Sakkwato a 1953, bishop na farko na wannan dayosis, Edward Lawton, ɗan Dominikan ne, akwai kuma babbar makarantar firistoci a Makurɗi da take ɗauke da sunansa.

Duk da wannan girma, Ikkilisiya ba ta mai da mazhabarsa ta zama bangaskiyar kanta ba. Toma bai ga yadda za a ce an ɗauki cikin Budurwa Maryamu ba tare da zunubin asali ba, domin yana tsoron kada a cire ta daga cikin waɗanda Almasihu ya fansa. Yohanna Duns Skotus, ɗan Faransiskan da ya rasu a 1308, ya nuna cewa kiyaye ta daga zunubi shi ne fansa mafi cika. A 1854 Paparoma Piyus na Tara ya tabbatar da wannan aƙida, ra'ayin Skotus ya tsaya. Haka kuma sa'ad da Dominikan da 'yan Jesuwit suka yi shekaru suna jayayya a kan yadda alherin Allah yake aiki tare da 'yancin mutum, Paparoma Bulus na Biyar a 1607 ya bar kowane ɓangare ya koyar da nasa, ya hana su kiran juna 'yan bidi'a.

Ga amsar tambayarmu ke nan, 'yan'uwa. Akwai aƙida, wadda take cikin Ƙa'idar Bangaskiya da hukuncin majalisu, wannan ba ta da mazhaba, ta kowa ce. Akwai bayanin malamai a kan aƙidar, a nan ne Toma da Bonabentura da Skotus suka bambanta, dukansu kuwa a bagade ɗaya suke. Akwai kuma bidi'a, wato musun aƙidar kanta. Duk wanda ya ji sabuwar koyarwa, a makaranta ko a rediyo ko a waya, bari ya fara tambaya a wane mataki take cikin ukun nan kafin ya firgita ko ya bi. Katikis da malaman Lahadi kuma su koyi halin Toma na sauraron tambaya har ƙarshenta kafin su amsa.

Waliyyi Toma Akwinas, ka yi addu'a domin ɗalibanmu, da malamanmu, da dukanmu. Amin.